Kafin a Ɗaura Sirdi: Waiwaye a Kan Horon Doki a Ƙasar Hausa

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1823, wani hafsan sojan Ingila mai suna Denham ya doshi birnin Kukawa tare da abokan tafiyarsa, bayan sun ƙetaro hamada daga Tarabulus. Kafin su kai ƙofar gari sai suka tarar da barade na Shehu Laminu sun yi sahu a bisa dawaki suna jiran su. Can sai wasu suka ɓalle daga cikin sahun, suka sako sukuwa kamar za su bi ta kan baƙin, sai da ya rage 'yan taku kaɗan sa'an nan suka ja linzami, dawaki suka tsaya cak. Baturen ya ga abin ya isa a rubuta, ya kuwa rubuta shi a littafin tafiyarsa. Mu da muka tashi muna kallon jafi a ƙofar fada ranar hawan salla, mun saba da shi har ya daina ba mu mamaki. Alhali kuwa abin mamaki ne. Doki dabba ce da aka halitta da gudu. In ya tsorata ya gudu, in ya ga 'yan'uwansa suna gudu ya bi su. Tsayawa tsakiyar sukuwa, cikin ƙura da kururuwa, ba halinsa ba ne. Wani ne ya koya masa, kuma ya daɗe yana koya masa.

Wannan mutum, wato mai horon doki, shi ne abin da wannan maƙala ta sa gaba. Littattafan tarihinmu sun ƙidaya dawakin sarakuna, sun ambaci jarumawan da suka hau su, maroƙa kuma sun wasa wasu dawakin da sunayensu. Amma ɗan bargan da ya kwana da duƙushi, ya fara sa masa ragama, ya sha harbi da cizo kafin a ce doki ya hawu, shi ba a ware masa ko layi ɗaya ba. Dalili a fili yake, galibinsu bayi ne ko barori. Saboda haka sawunsa za mu bi, a cikin kayan doki, da sarautun fada, da kalmomin da muke furtawa kullum.

Doki ya riga sirdi zuwa wannan yanki da daɗewa. Dawakin farko ƙanana ne, irin waɗanda muke kira ƙuru, kuma sauransu sun wanzu a tsaunukan Filato har cikin ƙarni na 20, a hannun Birom da Ron da Sura. Su waɗannan al'ummu ba su ɗaura sirdi, ba su kuma sa ƙarfe a bakin doki. Igiya ce a hanci, mahayi ya ɗare bisa tsuran baya. Masu binciken al'adu sun ruwaito cewa wasunsu kan tsaga fatar bayan dokin don wurin ya yi kanta, mahayi ya sami abin da zai riƙe shi. Dokin da ake hawa haka bai bukatar dogon horo. Ya yarda a hau shi, ya bi inda aka karkata kansa, shi ke nan. Yana kai maharbi wurin farauta, yana kai mayaƙi kusa da abokin gaba, amma ba a iya tsayawa a kansa a kai sara da takobi.

Abin da ya sauya lamarin shi ne shigowar abubuwa uku daga arewa. Harshe kansa shaida ne: sirdi daga sarj na Larabci yake, linzami daga lijam, likkafa kuwa daga rikab, ta zo mana da "al" ɗinta manne a gaba. Masanin tarihi Robin Law, a littafin da ya wallafa a 1980 game da doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 ne waɗannan kaya suka bazu a Mali da Barno da ƙasar Hausa, tare da manyan dawaki irin na Barbar da na Dongola. Tarihin Kano ya zo daidai da haka, domin ya ce Sarki Kananeji (1390-1410) ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Daga nan fa aikin doki ya zama wani abu dabam. Mahayi ya sami kwacciya gaba da baya ta tokare shi, ya sami likkafa da zai taka ya miƙe, ya sami ƙarfen da zai tsai da doki a duk inda ya so. Amma duk wannan banza ne in dokin bai koyi ma'anarsu ba. Ashe ke nan ranar da sirdi ya shigo, ranar ce sana'ar horo ta shigo.

Kuma sana'a ce da ake yi a kan dukiya mai tsada. Ibn Baɗɗuɗa, da ya ziyarci Mali a 1352, ya tarar ana sayar da doki a kan miskali 100 na zinariya. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya ce a farkon ƙarni na 16 Sarkin Barno yana biyan fataken Magrib bawa 15 ko 20 a kan doki guda. Kananeji ma da dawaki yake musayar bayi da Kwararrafa. Bai kamata mu wuce wannan lissafi da sauri ba: mutum ashirin aka raba da garinsu aka kora cikin hamada don a sami dabba ɗaya, sa'an nan aka ɗauko wani bawan aka ce ya kula da ita. In ya lalata mata baki, ko ya karya mata baya da saurin hawa, ya san abin da ya ɓarnatar. Wannan ne ya sa sha'anin barga ya zama sha'anin mulki. A Kano, Shamaki, wanda asalin aikinsa kula da bargar sarki ne, yana cikin manyan bayin fada tare da Ɗan Rimi da Sallama. Madawaki shi ne jagoran mahaya a fagen fama. Akwai Sarkin Dawaki Mai Tuta, da Sarkin Dawakin Tsakar Gida, da Sarkin Zagi. A ƙarƙashin waɗannan rawuna duka akwai mai yankan ciyawa da mai kwashe kashin doki.

To, yaya ake horon? A ƙasa ake fara shi, tun mahayi bai ko yi mafarkin sa ƙafa a likkafa ba. Goɗiya takan ɗauki ciki kimanin wata 11, kuma bisa al'ada a karkara ake barin goɗiyoyi, domin Bahaushen birni namijin doki yake hawa, kuma ba kasafai yake dandaƙe shi ba. Wannan zaɓi yana da nauyi, don kuwa ingarma ya fi ƙarfi da kwarjini, ya kuma fi faɗa da gardama. Duƙushi yakan tashi yana bin uwarsa gona da rafi, yana jin hannun yara a jikinsa. Bayan yaye sai ragama. Ita ce darasin farko, kuma duk sauran darussa rassanta ne: in an ja ka bi, in ka bi a sassauta. Duƙushin da ya gane cewa sauƙi yana cikin bi, ya gane rabin abin da za a koya masa har ya tsufa.

Daga ragama sai turke. A nan ƙasar Hausa ta bambanta da ƙasashen da ake sakin dawaki a makiyaya. Dokin birni a ɗaure yake rayuwa, igiya a ƙafa, a tsakar gida ko a barga, inda mata suke daka, yara suke wasa, kaji suke bi ta ƙarƙashinsa. Komai nasa daga hannun mutum yake fitowa: harawa, da ingirici, da dawa ko gero, da dusa da kanwa, har da ɗura in ana so ya yi ƙiba. Dabbar da ba ta ci sai an ba ta, ba ta sha sai an kai ta, ba ta daɗewa ba ta san muryar mai ba ta ba. Ana iya ganin ƙuntatawa a cikin wannan, kuma akwai ta. Sai dai ita ce ta sa dokin Hausa yake ratsa kasuwa ranar cinta ba ya firgita.

Sauran igiyoyin kowace da aikinta. Dabaibayi yana haɗa ƙafafun gaba, ya hana nisa. Talala doguwa ce, doki ya yi kiwo yana zaton sake yake, sai ya kai ƙarshenta ya tuna. Tarnaƙi kuwa ya fi su hikima, domin yana haɗa ƙafar gaba da ta baya na gefe guda, ta yadda dole su tashi tare su sauka tare. Da shi ake gyara wa doki tafiya har ya iya taƙama, wato takun nan mai laushi da ba ya jijjiga mahayi, wanda basarake zai yini a kansa rawaninsa bai goce ba. Mai kallo yakan zaci haka aka haifi dokin. Ba ya ganin watannin da aka yi ana jan sa da igiya a ƙafa, safe da yamma, yana tuntuɓe.

A nan ɗalibin harshe zai so ya ɗan dakata. Duba yadda maganar mulki da siyasa a Hausa ta cika da kayan barga. Shugaba yana riƙe da ragamar mulki. Wanda aka hana fita gari an yi masa ɗaurin talala. Matsala ta yi wa aiki tarnaƙi, bashi ya dabaibaye ɗan kasuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa wata ƙasa takunkumi. Ana ja wa yaro linzami, ana ƙara ƙaimi a kan aiki, wanda ya sami ƙarin girma likkafarsa ta ci gaba, wanda ya bauɗe kuma ya yi tutsu. Yawancin masu faɗin waɗannan a rediyo ba su taɓa ɗaure doki ba. Mutanen da tarihi ya ƙi rubuta sunayensu, su ne suka ba mu kalmomin da muke bayyana iko da su, kuma ba mamaki, domin sun fi kowa sanin yadda ake mallakar mai ƙarfi, ta fuska biyu.

Sai babban mataki, wato sirdi da linzami. Masu dawaki suna duba haƙori kafin su yanke shawara, kuma ilmin likitancin dabbobi ya gaskata su. Doki yakan fara famfara yana da shekara biyu da rabi, ya sake a uku da rabi, ya sake a huɗu da rabi, bakinsa ya cika a shekara biyar. Ƙasusuwan ƙafa suna riga ƙosawa, amma na gadon baya, inda sirdi yake zama, ba su gama ƙwari sai wajen shekara biyar zuwa shida. Saboda haka mai hankali yakan fara da abu marar nauyi. A shimfiɗa masa tsumma a baya a cire, a sake shimfiɗawa. A ɗora sirdi ba a ja majayi ba, sa'an nan a ja kaɗan, a bar shi ya yi tsalle-tsallensa har ya gaji ya ga abin ba ya cizo. Sa'an nan a ɗora yaro, babba yana riƙe da ragama. Irin wannan tsari ne wani janar na Faransa, Daumas, ya rubuta a 1851 daga bakin Larabawan Aljeriya, littafin da Amir Abdulƙadir ya yi wa ƙarin bayani daga baya. A can, yaro ne yake fara hawan duƙushi yana da kimanin shekara ɗaya da rabi, ya kai shi shan ruwa, kuma ranar da za a fara sa masa linzami sai an naɗe ƙarfen da ulu don kada ya ji masa ciwo. Tun da daga wannan nahiya kayan dokinmu suka zo, ba abin mamaki ba ne hanyoyin su yi kama.

Shi linzamin namu ya cancanci a dube shi da kyau. Akwai wani fili a bakin doki tsakanin haƙoran gaba da turame inda babu haƙori, sai dasashi a bisa ƙashi. Nan ƙarfen yake zama. A tsakiyarsa akwai wani harshe da yake tashi ya doki ganɗa in an ja, ga kuma zobe da ya kewaye haɓa yana matse ta. Jan da mahayi ya yi da yatsu biyu yakan isa bakin dokin ninkin-ba-ninkin. Da wannan ne ake samun tsayawar da Denham ya gani: doki ya tattara ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, ya zame a kansu, ƙirji a sama. A fagen yaƙi wannan ba ado ba ne. Barde yana riƙe da garkuwa da mashi ko takobi, abin da ya rage masa na sarrafa doki kaɗan ne, kuma in bai iya tsayawa ya juya nan take ba, ya afka cikin 'yan baka.

Amma a faɗi gaskiya, ƙarfe ne mai mugunta. A hannun gwani kusan ba a taɓa shi. Dokin ya riga ya san abin da zai biyo baya, saboda haka motsin kamazuru kawai ya ishe shi. A hannun wanda bai iya ba kuwa, shi ne kumfar jinin da muke gani a bakin dawaki bayan hawa, da dokin da yake ta wurga kai sama don gudun azaba. Ra'ayinmu shi ne, tsananin linzamin Hausa bai taɓa zama madadin horo ba. An ƙera shi ne don dokin da aka riga aka gama da shi a ƙasa. Wanda ya tsallake ragama da tarnaƙi ya ce ƙarfe zai yi masa aikinsu, zai sami doki mai tsayawa, amma na wata shida ne. Bayan nan bakin ya mutu, sai a nemo ƙarfen da ya fi na da.

Bayan doki ya hawu, da sauran karatu. Sai ya saba da tambari da algaita da kakaki, wanda Tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka fara busa shi. Dokin lifidi sai ya yarda a lulluɓe shi da bargo mai kauri cushe da audugar rimi, ya yi tafiya a cikinsa da zafin bazara. Akwai kuma dawakin zage, waɗanda ake ja ba mahayi don sarki ya sauya in nasa ya gaji ko ya faɗi. Rumfa ne aka ce ya fara su a yaƙinsa da Katsina, Sarki Kutumbi (1623-1648) kuwa guda 100 suke bin sa in ya fita. A yi tunanin ingarma ɗari, kowanne da halinsa, suna tafiya a jere ba cizo ba harbi. Mutum nawa suka yi wannan aiki? Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya kimanta a 1851 cewa Kano tana iya fitar da mahaya 7,000. Kowane ɗaya daga cikin dawakin nan sai da wani ya fara sa masa ragama.

Masu jihadi sun fara ne ba su da wannan gata. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, dawakin jama'ar Shehu kimanin 20 ne, 'yan baka ne suka karya mahayan Sarkin Gobir Yunfa. Amma da daula ta kafu sai ita ma ta koma kan doki, ta gaji bargar Haɓe da ma'aikatanta. Malamai kuma suna da madogara, domin hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere a Madina, ya ware dawakin da aka yi wa horon tsere ya ba su zango mai nisa, waɗanda ba a yi wa ba ya ba su na kusa.

Mu da muke karatu da koyarwa a kudancin ƙasar nan muna da wani dalili na musamman na kula da wannan tarihi. Daular Oyo da doki ta yi ƙarfi a ƙarni na 17 da na 18, alhali ƙudan tsando bai barin doki ya yi tsawon rai a mafi yawan ƙasar Yarbawa. Daga arewa ake sayo dawakin, kuma daga arewa masu kula da su suke, bayi Hausawa da Nufawa da Barebari. Da Afonja ya yi tawaye a Ilori wajen 1817, ya kira bayi Musulmi su zo gare shi, suka kuwa amsa. Oyo ta rasa hanyar sayen doki, ta kuma rasa hannun da ya san doki. Wajen 1840 mayaƙan Badun suka fatattaki mahayan Ilori a Oshogbo da harin dare, lokacin da doki ba shi da amfani. Abin da Samuel Johnson ya ruwaito a tarihinsa na Yarbawa shi ne, dawakin da suka kama ba su dame su ba, wutsiyoyin suka fi so. Shekarun horo suka tafi a banza.

Ƙarshen dokin yaƙi a arewa ya zo da misalai biyu masu kishiyantar juna. A ƙarshen Fabrairu na 1903, kusa da Kwatarkwashi, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai hari a kan 'yan tsirarun sojan Turawa da suka yi sahu mai kusurwa huɗu suna ruwan harsashi. Suka kai, aka mai da su, suka sake kaiwa, har Waziri ya faɗi. An yi ta yabon zuciyar mutanen, kuma sun cancanta. Amma dawakin fa? Dabbar da ƙarar ganye take sa ta zabura, ita ce ta juyo ta sake fuskantar wuta don an ce ta juyo. Shekara uku bayan haka, ran 14 ga Fabrairu 1906, a Satiru kusa da Sakkwato, sojan dawaki na Turawa suka sauka don su yi irin wancan sahu, talakawa suka auko musu da gatura da fartanya. Dawakin sojan suka firgita suka wargaza sahun, aka kashe Turawa 3 da sojoji 25.

Daga nan doki ya koma na hawan salla da daba da wasa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi folo, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a cikinta, kuma ita ma tsayawa da juyawa take bukata, sai dai da wani irin linzami. An yi babbar daba a Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila, aka sake a 1977 lokacin bikin FESTAC, a watan Disamba na 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Kayan ado sun ƙaru, masu hawa sun ƙaru, samari suna kilisa da yamma, ana hayar doki don hawan angwanci. Abin da ya ragu shi ne haƙuri. Mai haya yana son kuɗinsa su dawo da wuri, saboda haka sai ka ga duƙushin da bai gama famfara ba an ɗaura masa sirdi, ƙato ya hau yana zuba masa bulala a kan kwalta, ga shi ba takalmi a kofato. A gidajen sarauta dai har yanzu akwai tsofaffin da suke tashi da asuba su kwance doki daga turke, su duba bayansa da tafin hannu ko sirdin jiya ya ci shi, kafin su miƙa wa yaro ragama ya kai shi shan ruwa. Ranar Hawan Daushe suna nan cikin ayari, a ƙasa, gefen likkafa.